Minti Arba'in na Ranar Talata

A makarantarmu duk malamin da bai gama aikinsa ba, wurina yake zuwa aro. Ba biro ba, ba alli ba, darasina. Sai ka ga mutum ya leƙo ɗakin malamai yana murmushi yana murza hannu: "Malama, don Allah ara mini minti arba'in ɗinki na yau, ai wasa ne kawai." Ban taɓa ganin wanda ya je aron darasin Lissafi ba. Shekara shida ina ba da aron nan, kuma ko mutum ɗaya bai taɓa mayar mini ba.

Ni ce malamar motsa jiki. Yara suna kirana Malama Usur saboda usur ɗin da ke rataye a wuyana, malamai kuma suna kirana wani suna a bayan idona, na san shi, ba zan faɗa muku ba. Ina da zafin rai, wannan ba sai an gaya mini ba. 'Yan aji huɗu nawa ne ranar Talata da Alhamis, bayan hutun safe. Yara hamsin da biyu, ƙwallon fata ƙwaya ɗaya.

Malamin da na gada, a layi yake jera su. Yaro ya zo ya buga ƙwallo sau ɗaya, ya koma can ƙarshen layi ya tsaya a rana yana tsokanar na gabansa. Na taɓa tsayawa na ƙirga: a minti arba'in kowane yaro sau biyu yake taɓa ƙwallo. Sau biyu! Wai an koya masa ƙwallo ke nan. Da aka ba ni darasin sai na bi gida gida ina karɓar tsofaffin safa, na cusa musu leda, na ɗaure da robar tsohon tubu. Ƙwallo sittin na haɗa na zuba a buhu, na ce daga yau babu layi.

Wasa muke yi, ban ɓoye wa kowa ba. Akwai Danja: in na ɗaga koren ƙyalle kowa ya ja ƙwallonsa da gudu, in na ɗaga ja ya taka ta ta tsaya cak. Yaro bai san ana koya masa ɗaga kai yana jan ƙwallo ba, shi dai tsoro yake kar ja ta kama shi. Akwai Ƙofofi: su cire takalma mu jera bibbiyu a ko'ina cikin fili, kai da abokinka ku riƙa miƙa wa juna ƙwallo ta tsakanin takalman kuna ƙirgawa da ƙarfi, "Ƙofa ɗaya! Ƙofa biyu!" Sai kuma Ɓarawo, wanda suka fi so: mutum huɗu ba su da ƙwallo, su ne ɓarayi, duk wanda suka ƙwace wa shi ya zama ɓarawo. Dokata ɗaya ce, ba a fitar da kowa daga wasa. Wanda ya fi saurin rasa ƙwallo ai shi ya fi bukatar ta, me zai je ya yi a gindin bishiya?

A wasan Ɓarawo na fara lura da ita. Yarinya ce doguwa, shekararta goma sha biyu, ta maimaita aji sau biyu, ta fi kowa tsawo da kai guda. Yara suna tsokanarta da Uwar Aji. A benci na ƙarshe take zama, ba ta magana, ba ta ɗaga hannu. Ranar nan ɓarayi huɗu suka taru a kanta, sai na ga ta juya musu baya, ta ɗora ƙafar hagu a kan ƙwallo, ta janyo ta baya, ta zille ta bar su suna karo da juna. Na busa usur na ce, "Ke! Sake yi in gani." Ta tsaya cak, ta ɗauka dukanta zan yi.

"Ba da gangan na yi da hagu ba, Malama," in ji ta.

A nan na gane komai. Bahaguwa ce. Tun aji ɗaya ake buge mata hannu da rula ana mayar mata da fensir dama, har ta saba rubutu da hannun da ba nata ba. In ana kwafar allo, kafin ta gama layi biyu an goge. Ba daƙiƙiya ba ce, a hankali take tafiya kamar wanda ya sa takalmin wani. Na ce mata, "A filin nan da ƙafar da Allah ya ba ki za ki buga, duk wanda ya ce uffan ki turo mini shi." Daga ranar nake kiranta Bahaguwa da babbar murya, da alfahari, har sunan ya danne Uwar Aji. A filin nan na fara jin dariyarta, ashe har wushirya gare ta.

Ana cikin haka Malamin Lissafi ya zo da sabuwar doka. Shi ba aro ya zo ba, ya wuce nan. Ya je wurin Hedimasta suka tsara cewa duk ranar Litinin zai yi gwaji, duk wanda bai kai rabi ba zai zauna a aji ranar Talata da Alhamis ya yi gyara, sauran su tafi fili. Ba wanda ya tambaye ni. A jikin allon sanarwa na gani, har da hatimi.

Talatar farko na ƙirga yara a fili, arba'in da uku. Tara suna aji. Alhamis, tara. Mako na biyu, su dai taran nan, ba a canza ko mutum ɗaya ba. Tagar aji huɗu tana kallon fili, kuma bencin ƙarshe yana jikin tagar. Duk lokacin da na juya sai in ga kan Bahaguwa a sunkuye, in yara suka yi ihun "Ƙofa goma!" sai ta ɗago ta kalle mu ta sake sunkuyawa. Wallahi abin yana cina, amma na yi shiru, na ce bari in ga iya gudun ruwansu.

A mako na uku na kai ɗinkin wandon wasana da ya yage wurin mahaifiyarta. Tela ce, shagonta yana bayan makaranta, ɗan ƙaramin ɗaki mai kekuna biyu, ɗaya tana aiki da shi, ɗaya an rufe shi da zani. Ta karɓi wandon ta duba, ta cire allurar da ke bakinta.

"Malama, gara da kika zo. Dama ina so in gaya miki, 'yar taki ta kusa barin muku makarantar."

"Saboda me?"

"Kullum da kuka take dawowa. Da can, ranar Talata da Alhamis tun kafin in tashi ta yi wanka ta shirya. Sauran ranakun sai na ja ta kamar akuya. Yanzu ko ranakun biyun ma an ƙwace mata. Jiya ta ce mini, 'Mama, in aka sake tsare ni ranar Talata, ba zan ƙara taka makarantar nan ba.' Ni kuma na gaji da tilasta mata, Malama. Shekara shida ana ce mata daƙiƙiya. Ga keke nan a rufe, ta zo ta zauna, ko ba komai shi ba ya dukan mutum."

Na ce, "'Yar'uwa, ki ba ni zuwa Talatar."

"Na ba ki," in ji ta, ta mayar da allurar bakinta.

Litinin da safe aka yi gwaji. Ban ma tambayi sakamako ba, na san shi. Ana fita hutu na wuce ofishin Hedimasta, na tarar da Malamin Lissafi a ciki yana shan shayi. Na gaishe su yadda ya kamata, na zayyana musu komai, har maganar uwar yarinya. Hedimasta ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga.

"Malama, na ji ki. Amma jarrabawar ƙarshen shekara saura wata biyu. Ba a tambayar ƙwallo a jarrabawa."

"Ranka ya daɗe, in ta bar makaranta ai Lissafin ma ba za a tambaye ta ba."

Malamin Lissafi ya ajiye kofi. Mutum ne siriri mai tsafta, ba mugu ba ne, in zan faɗi gaskiya. Ya ce, "Malama, in yaran nan suka faɗi, sunana za a kira a gaban iyaye, ba naki ba. Ke wa ya taɓa tuhumarki don yaro bai iya buga ƙwallo ba? Taimakonsu nake yi."

"Mako uku kana taimakonsu, Malam. Mutum nawa suka fita daga cikin taran?"

Ya sake ɗaukar kofinsa. Na ci gaba:

"To ka taimake su a darasinka. Kana da shi kullum, sau biyar a mako. Ni biyu gare ni, su ma sai ka haɗa da su?"

Hedimasta ya ɗaga hannu. "Ya isa. An riga an sa hannu a doka. Ki yi haƙuri zuwa bayan jarrabawa."

Haƙuri. Kullum ni ce mai haƙuri, don darasina ba shi da littafi. Na fito ban rufe musu ƙofa ba.

Ranar Talata na ɗauko buhuna na fita fili. Yara suka zo da gudu suna cire takalma, na ce kowa ya mayar da takalminsa, ya ɗauki ƙwallo, ya tsaya ya jira ni. Na taka har ƙofar aji huɗu. Su tara suna zaune a warwatse, allo cike da lambobi, Malamin Lissafi yana tsaye da rula a hannu.

"Malam, sallama. Na zo ɗaukar yarana."

"Malama, kin ji abin da Hedimasta ya ce."

"Na ji. Amma ga jadawali nan a bayanka, juya ka karanta. Me aka rubuta a wannan lokacin?"

Bai juya ba. Ya matso ya tsaya a bakin ƙofa, ya dafa ƙyauren da hannu ɗaya. "Ba wanda zai fita daga ajin nan."

Na dube shi, na dubi Bahaguwa. Ko ɗagowa ba ta yi ba, fensir yana hannunta na dama, ta riƙe shi kamar mai riƙe da wuƙa. Jakarta tana kan cinyarta, a zuge, ta riga ta haɗa kayanta tun kafin a tashi. Jakar nan ce ta ƙarasa ni.

"Shi ke nan," na ce. "Doka ta ce kar su fita. Ba za su fita ba."

Na juya na sa usur a baki na busa da duk ƙarfina, na ɗaga hannu na yafito na fili. Yara arba'in da uku suka taso a guje, kowa da ƙwallon safa a hammata. Ba mai tare wannan, ko da rula goma. Malamin Lissafi ya matsa gefe don kar a take shi, yana cewa, "Malama! Malama, kin haukace ne?"

"Yau a aji za mu yi darasi! A tura bencina jikin bango! Guda shida a bar su a tsakiya, ƙafafunsu ne ƙofofinmu. Kowa ya nemi abokinsa. A ƙasa za a buga, duk wanda ƙwallonsa ta tashi sama ta taɓa taga, ni da shi ne!"

Kai, ku zo ku ga aiki. Kafin ka ce me, an share tsakiyar aji. Takwas daga cikin taran suka yi tsalle suka shige cikin 'yan'uwansu, ba su ko kalli malaminsu ba. Ɗaki ya ɗauki ƙara, "Ƙofa ɗaya! Ƙofa biyu!", ƙurar alli ta tashi, 'yan aji uku da na biyar suka cika tagogi. Malamin Lissafi ya tattara littattafansa ya fita da sauri, na san inda ya nufa.

Bahaguwa kaɗai ba ta tashi ba. An tura bencinta da ita a kai, tana zaune a lungu tana kallon ƙasa. Na ɗauki ƙwallo ɗaya na gangara mata a hankali ta ƙarƙashin bencin. Ƙwallon tana isa, ƙafar hagun nan ta fito da kanta ta taka ta.

"Malama, za a kore ki," ta ce, murya ƙasa ƙasa.

"Wannan matsalata ce. Ke taki ita ce ba ki da ƙofa ko ɗaya, 'yan yara sun kai bakwai. Tashi, ni ce abokiyarki."

Ta ajiye fensir, ta sauke jaka, ta tashi. Ni da gwiwoyina masu ƙara muka shiga tsakiyar yara. Ta miƙo, na mayar, ta zagaya benci, ta sake miƙowa ta tsakanin ƙafafunsa, ƙwallon tana zuwa mini daidai ƙafa kamar an auna. Muna ƙofa ta takwas na ji tana ƙirgawa da ƙarfi tare da kowa.

A ta tara ne abin ya ɓaci. Na koma bakin ƙofa ina jiran ta miƙo, ban ankara ba Hedimasta ya shigo ya tsaya a gabana, ya ware ƙafafu, ya riƙe ƙugu, ya buɗe baki zai yi tsawa. Ita kuma ta riga ta sake ƙwallo. Ta bi ƙasa sumul, ta wuce ta tsakanin ƙafafunsa, ta zo ta tsaya a kan takalmina. Aji ya yi tsit. Sai wani ɗan ƙaramin yaro mara haƙoran gaba, wanda bai san abin da duniya ke ciki ba, ya ɗaga hannu sama ya ƙwala, "Ƙofa tara!"

Dariyar da aka yi har maigadi ya ji ta a bakin get. Ni ma na yi, ba zan yi muku ƙarya ba, na yi ƙoƙarin danne ta ta ƙi. Hedimasta bai ce komai ba sai, "Ki same ni a ofis." Da na waiwaya, Bahaguwa ta toshe bakinta da hannu biyu, idanunta sun firfito, ba dariya take yi ba.

Washegari aka ba ni takarda biyu. Ta farko ta tuhuma ce, wai in yi bayani cikin kwana uku dalilin da ya sa na ta da hankalin makaranta. Ta biyu ta ce an dakatar da darasin motsa jiki na aji huɗu zuwa shida har bayan jarrabawa, za a mayar da lokacin na bita, ni kuma an mayar da ni in taya malamar aji ɗaya kula da yara. A da ana tsare tara, yanzu an tsare hamsin da biyu, har da wasu ajin da ba ruwansu. Malamai suka daina yi mini magana in na shiga ɗaki. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne bencin ƙarshe na aji huɗu, wanda na leƙa Laraba na ga babu kowa, na leƙa Alhamis da Juma'a ma haka.

Na yi fushi da Hedimasta, na yi fushi da Malamin Lissafi, amma na fi fushi da kaina. Na je ƙwato wa yarinya minti arba'in, na dawo na rasa mata filin gaba ɗaya. Amsar tuhumar na rubuta ta a layi uku: lokacin darasina ne, yarana ne, kuma ban fitar da kowa daga aji ba. Ban ba da haƙuri ba, don ban ga abin ba da haƙuri ba.

Ranar Asabar da hantsi na tafi shagon. An yaye zanin da ke kan keke na biyu. Bahaguwa tana zaune a kai tana koyon bin layi a kan wani ƙyalle, uwar tana yanka yadi a tebur. Da ta gan ni sai ta tsayar da keken ta sunkuyar da kai.

"Sannu da zuwa, Malama," in ji uwar. "Mun ji abin da ya faru. Allah ya saka miki, kin yi iya yinki."

"Ban gama ba tukuna." Na ja kujera na zauna kusa da yarinyar. "Ke, kwana uku ina kika shiga?"

"Ni na jawo miki," ta ce. "Da ban buga ba…"

"Bugun nan shi ne abu mafi kyau da na gani a shekara shida. Da cikin ƙafa kika buga, kanki a sama, ƙwallo ba ta tashi ba. Hedimasta ne ya tsaya a inda bai kamata ba."

Uwar ta yi dariya har ta ajiye almakashi. Yarinyar ba ta yi ba.

"Ai an hana ki fili, Malama. To me zan je yi?"

"Karatu za ki je yi, don kanki yana ja, ni na sani ko su ba su sani ba. Kuma wa ya ce miki an hana ni fili? Na karanta takardar nan sau biyar. Darasi aka hana ni. Ana buga ƙararrawa ƙarfe takwas saura minti goma, maigadi yana buɗe get ƙarfe bakwai. Abin da ke tsakani ba ya cikin jadawalin kowa, ba mai zuwa aronsa. Ranar Litinin ƙarfe bakwai ina fili da buhuna."

"Litinin akwai gwajin Lissafi."

"Akwai. Ba zan ce miki babu ba, ba kuma zan ce miki za ki ci ba. Ni dai ina fili."

Ta ci gaba da kallon allurar keken. Uwar ta ce, "Ni ba zan tura ta ba, Malama, ba kuma zan hana ta ba. Ta girma." Na ce hakan ma ya yi, na yi musu sallama na fito.

Litinin tun bakwai saura na isa. Maigadi ya dube ni ya dubi buhun, ya girgiza kai ya buɗe mini. Ciyawa da raɓa, fili ba kowa. Na zazzage ƙwallayen na tsaya ina jin kaina kamar wawuya. Ashe maganar ta zaga, ban san ta wace hanya ba. Bakwai da minti biyar yara uku suka shigo da gudu, sai biyar, sai wani gungu har da 'yan aji shida da ban gayyata ba. Kafin bakwai da kwata fili ya cika, takalma sun jeru bibbiyu, ana ihu. Ina busa usur, ina ɗaga ƙyalle, amma idona yana kan get.

Bakwai da rabi Hedimasta ya iso. Ya tsaya a barandar ofishinsa da jaka a hannu ya daɗe yana kallonmu, sannan ya tako har bakin fili.

"Malama, me ke nan kuma?"

Na duba agogona. "Bakwai da minti talatin da biyar, ranka ya daɗe. Lokacinka bai fara ba."

Ya dubi yaran, sama da sittin, waɗanda kullum sai an tsaya musu da bulala a bakin get saboda makara. Ya juya ya koma ofis.

Sai ga ta. Saura minti goma a buga ƙararrawa ta shigo, da kayan makaranta, jaka a baya, tana tafiya a hankali a jikin katanga. Ban kira ta ba, ban je wurinta ba, na yi kamar ban gan ta ba. Na busa usur na ce, "Ɓarawo! Su wa za su fara?" Na ga ta sauke jaka a gindin bishiya, ta cire takalmi, ta janyo wata ƙwallo ja mai ɗaurin baƙar roba. Minti goman nan ɓarayi shida suka bi ta, har da ƙattin aji shida, ba wanda ya taɓa ƙwallon.

Ƙararrawa ta kaɗa. Yara suka watsar da ƙwallaye, suka wawuri takalma, suka ruga layi. Fili ya koma ni da ita. Ta ɗauki ƙwallon a hannu, ta goya jakarta, ta tsaya. Get yana hannun damanta a buɗe, maigadi bai rufe ba tukuna. A ɗaya gefen Malamin Lissafi ya fito daga ɗakin malamai da takardun gwaji a hammata ya nufi aji huɗu. Ta kalli get, ta kalli takardun. Na ci gaba da tsintar ƙwallaye ina zubawa a buhu, na ƙi buɗe baki don na san in na buɗe roƙonta zan yi.

"Malama."

"Na'am."

"Gobe ma za ki zo?"

"Gobe ma. Jibi ma."

Ta miƙo mini jar ƙwallon. "Ki ajiye mini wannan daban. Kar ki ba kowa."

Na karɓa na sa a aljihun rigata. Ta goge zufa da bayan hannu, ta gyara jakarta, ta bi bayan Malamin Lissafi. Na tsaya ina kallonta har ta shige ajin, sannan na zauna a kan buhun na yi kuka sosai, ina zagin kaina don 'yan aji ɗaya suna jirana kuma fuskata duk ta ɓaci.